Abba na son lantarki, babansa na son likita, ga fom ɗin JAMB ya kusa fitowa

Maman Abba: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman wajen malamai da ma'aikatan lafiya. Yarona na fari shekararsa 17, bara ya gama sakandare. Babansa ya sa aka cike masa likita a JAMB, ya ci 225, gurbi bai samu ba. Yanzu an kusa fara sayar da fom, baban ya ce a sake cike likita, ko sau nawa ne sai an dace. Yaron bai musa ba, don ko ido ba ya iya haɗawa da babansa. Ni ya samu daga baya ya ce injiniyan lantarki yake so. Tun da ya gama makaranta kullum yana wajen wani mai haɗa sola a bakin layinmu. Ba na son saɓa wa maigida, ba na kuma son in zuba ido wata shekarar ta sake wucewa. Ya zan yi?

Malam Garba: Wa alaikumus salam. Hajiya, kafin kowa ya ce komai a kawo takardu. Jimlar 225 ita kaɗai ba ta isa a yanke hukunci ba. Takardar sakamakon tana nuna makin kowane darasi daban, ki rubuto mana su huɗun. Sai kuma WAEC ko NECO: me ya samu a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji? Kuma a zama ɗaya ya haɗa su ko biyu?

Maman Abba: Na karɓo wajensa. A JAMB, Turanci 52, Fiziks 71, Kemistiri 58, Bayoloji 44. A WAEC kuma Lissafi B2, Fiziks B3, Kemistiri C4, Turanci C5, Bayoloji C6. Zama ɗaya ne.

Malam Garba: To, alhamdu lillahi. Da farko ki gaya wa yaron bai faɗi ba. A 2024 sama da kashi 75 cikin ɗari na waɗanda suka zauna JAMB ba su kai 200 ba. Sai dai likita ba a shigarsa da 225 a jami'o'in gwamnati, domin hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, masu nema kuwa sun ninka guraben sau da yawa. A jami'ar tarayya ana raba gurbi ne kashi 45 ga waɗanda suka fi maki, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a boko. Ko a kason yanki, da yaran makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu zai yi gogayya, waɗanda tun aji huɗu suke shirin abin nan.

Yanzu ki dubi takardun da kanki. Jarrabawa biyu ne, hukumomi biyu, masu duba takarda daban, amma magana ɗaya suka faɗa: Bayoloji ne a ƙasa, Fiziks da Lissafi a sama. Na daɗe ina koyarwa, idan sakamako biyu suka haɗu a kan abu ɗaya, da wuya ya zama tsautsayi.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan. Mai neman likita yana zauna Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Mai neman injiniya kuwa Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Ke nan idan aka sake cike likita aka rasa, ba za a iya juya makin zuwa injiniya ba, don babu Lissafi a ciki. Darasin da ya fi ƙarfi a kai ma ba a bar shi ya zauna ba bara. Kuma sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne. Don haka kafin a shiga wajen cike fom za a gama maganar nan, ba bayan an fito ba.

Baban Walida: Malam Garba, Allah ya ƙara girma, amma ku ba ni dama in tsaya wa uban yaron nan, tunda ba ya cikinmu. Mutum ya ci da ɗansa ya sha da shi shekara 17, ya biya kuɗin makaranta, yanzu a ce yaro ne zai zaɓa? Me ya sani? Ni a Kantin Kwari nake, yaran shagona biyu masu digiri ne, ɗaya ma injiniya ne, atamfa yake aunawa. Ku nuna mini likita ɗaya da ke auna yadi. Uban nan ba mugunta yake yi ba, hanyar da ba a rasa abinci yake nema wa ɗansa. Ga asibitocinmu babu likitoci, mu kai iyalinmu mu wuni a layi. Idan kowa ya ce ɗansa ba zai iya ba, wa zai duba mu?

Dakta Hauwa: Alhaji, gaskiya ka faɗa a kan ƙarancin likitoci, mu muke ganinsa kullum. Kuma babu wanda ya ce uban bai da niyya mai kyau. Amma bari in faɗi abin da ke bayan ƙofar, don iyaye da yawa farin kaya kawai suke gani.

Karatun shekara shida ne idan ba a yi yajin aiki ba. Samun gurbi shi ne mafi sauƙin abin da ke ciki. A aji ɗaya sai ka tsallake duk darussa kafin a bar ka ka wuce. A aji biyu za a kai ka gaban gawa, a ba ka wuƙa, ka bi jijiya ɗaya bayan ɗaya kana haddace sunanta da inda ta fito da inda ta nufa. Warin maganin da ake adana gawar yana sa ido hawaye, yana bin kayanka har ɗaki. Daga nan sai babbar jarrabawa a kan sassan jiki da yadda suke aiki da sinadaran cikinsu. Wanda ya faɗi ya sake ya kuma faɗi, sallamarsa ake yi, ya koma wani sashe bayan ya ɓata shekara uku. Wannan karatu kusan dukkansa Bayoloji ne da hadda. Yaron da ya samu C6 da 44, kuma zuciyarsa na wani wuri, ina jiye masa.

In ya gama, ga shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, ga bautar ƙasa, in yana son ƙwarewa ga wasu shekaru biyar ko shida. Kwana a asibiti, kira ƙarfe biyun dare, gaya wa uwa cewa ɗanta ya cika. Waɗanda suka shigo da son abin ma suna gajiya. Waɗanda aka turo kuwa, mun zauna aji ɗaya da su, wasu sun gama sun kai wa iyayensu takardar, sun koma kasuwa. Gurbin da suka riƙe shekara shida da wani ya samu da yanzu yana duba marasa lafiya. Don haka Alhaji, tura wanda ba ya so ba ya ƙara mana likita.

Baban Walida: Dakta, ai so ana koyonsa. Mu wa ya tambaye mu kafin a kai mu kasuwa?

Dakta Hauwa: Ana koyon so, amma ba kowa ba, kuma a nan ran mutane ne a hannunsa. Ni ba cewa na yi a hana shi ba. Maman Abba, ki tambaye shi: bara da yake shirin jarrabawa, wane littafi ne sai an ce ya ɗauka, wane ne yake ɗauka da kansa?

Maman Abba: Wannan ba sai na tambaya ba Dakta. Littafin Bayolojin har yau kamar sabo yake.

Sadiq: Salamu alaikum iyayena. Mama, ina roƙonki abu ɗaya: in an sake cike likita aka ba shi wani kwas aka ce ya shiga daga baya zai canza, kada ku yarda da maganar sai kun ga ƙa'idar jami'ar a rubuce. Ni haka aka yi da ni. An ba ni ilimin ƙananan halittu, aka ce in na yi ƙoƙari a aji ɗaya zan tsallaka likita. Mu da yawa muka shiga da wannan buri, ban ga wanda ya tsallaka a cikin abokaina ba. Ga yajin aikin malaman jami'a na 2020, ga na 2022 da ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, digirin shekara huɗu ya tashi kusan shida. Na fito da takardar da ban taɓa nema ba. Kwas ɗin ba shi da laifi, akwai waɗanda suka zaɓe shi da kansu kuma suna cin moriyarsa a kamfanonin abinci da magani. Ni dai raina ba ya ciki. Yanzu gyaran waya nake yi a Farm Centre, kuma shi ne abin da nake yi tun ina sakandare. Abba ya fi ni sa'a, tunda ya buɗe baki ya faɗa tun yanzu.

Anti Nas: Allah ya sa albarka a sana'arka Sadiq. Ni abin da zan ƙara, ga masu karantawa da yaransu ke son harkar lafiya da gaske: asibiti ba likita kaɗai ba ne. Akwai jinya da ungozoma, akwai haɗa magunguna, akwai gwaje-gwajen jini, akwai ɗaukar hoto, akwai gashin ƙashi. Digirin jinya shekara biyar ne, ga kuma kwalejojin jinya na jihohi. Ko likitan dabbobi, da ake yi shekara shida a Zariya da Sakkwato da Maiduguri, a ƙasar da ke da shanu da kaji haka, ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a gaskiya Abba ba ya cikin wannan layi. Yaron da ba ya buɗe Bayoloji, jinya ma wahala za ta ba shi.

Injiniya Bashir: Na ga kowa ya karkata wajen lantarki, bari in ɗan taka birki. Son taɓa waya daban, karatun injiniya daban. Yara da yawa suna zuwa mana da son kwance rediyo, aji biyu ya yi waje da su, domin abin da ke jiransu Lissafi ne tsagwaronsa, shekara biyar. Kuma zaman da yake yi wajen mai sola, me yake yi a can? Aiki yake koya ko riƙe tsani da hira? Maman Abba, don Allah ki ba shi wannan tambaya, kada ya duba waya, kada ya tambayi maigidansa. Gida yana da fanka uku, kowace wat 60, da ƙwan fitila shida, kowane wat 10. Ana so su yi awa biyar da dare. Batir nawa za a saya, irin mai ruwa, bolt 12 amfiya 200? Ya rubuta yadda ya yi lissafin, ki ɗauko mana hoto ko ki kwafo.

Maman Iman: Kafin ta dawo, Malam Garba a taimaka mini. Tawa 'yar aji uku take a ƙaramar sakandare, bana za a raba su kimiyya da adabi da kasuwanci. Ta ce lauya take so, ƙawayenta duk kimiyya za su, har ta fara cewa ita ma za ta bi su don kada a ce ba ta da ƙoƙari.

Malam Garba: Madalla da kika tambaya yanzu, domin a nan ake zaɓen na gaskiya, JAMB cikawa ce kawai. Raina ajin adabi da ake yi a makarantunmu ya cuci yara da yawa. In lauya take so, ajin adabi za ta shiga, kuma ki tabbatar makarantar tana da malamin adabin Turanci kuma ana yi wa yara rajistarsa a WAEC, don ba a ba da gurbin shari'a sai da shi. Kada kuma ta yi wasa da Lissafi, ana neman kiredit ɗinsa a kwasa-kwasai da yawa. Karatun shekara biyar ne, sai shekara ɗaya a makarantar horar da lauyoyi. A Bayero da Ahmadu Bello ana karanta shari'ar Musulunci ma, in tana da ƙarfi a Islamiyya wannan zai taimaka mata. Ki kai ta kotu wata rana ta zauna a baya ta saurara, zaman kotu a buɗe yake. Ki kuma lura ko tana iya zama da littafi mai kauri ba tare da an tsaya a kanta ba.

Baban Walida: Ni fa har yanzu ina kan bakana. In makin gida ne matsala, a fitar da yaro waje. Yaranmu nawa suka yi likita a Sudan da Masar?

Dakta Hauwa: Sudan yaƙi ake yi tun Afrilun 2023, ɗalibanmu ta kan iyakar Masar aka kwaso su, wasu suna ajin ƙarshe. Masar kuwa da dala ake biya, kuma kowa ya san abin da ya samu naira tun tsakiyar 2023. Sannan duk wanda ya karanto a waje sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya taɓa majiyyaci a nan, ba kowa ke tsallakewa a karon farko ba. A sayar da fili a kai yaron da ke mutuwar son abin, wannan na fahimta. A sayar don wanda ba ya so, ban ga ribar ba.

Nura: Ni a ganina duk dogon zance ne. Zamani ya canza, rayuwarsa ce, a ƙyale shi ya yi abin da yake so kawai.

Malam Garba: A'a Nura, ban yarda da kai ba, kamar yadda ban yarda da Alhaji ba. Ɗan shekara 17 sana'o'i nawa ya sani? Likita, lauya, soja, injiniya, sai abin da ya gani a waya. Na ga yaran da suka ce kwamfuta suke so don sun iya TikTok, aka bar su, suka je suka tarar da Lissafi. Ƙyale yaro shi kaɗai gudun nauyi ne. Aikin babba shi ne ya duba takardu, ya lura da abin da yaron ke yi in ba a sa shi ba, ya kai shi ya ga masu sana'ar da idonsa, ya lissafa abin da aljihunsa zai ɗauka, sannan a zauna tare. Uban Abba yana da haƙƙi a maganar nan, kuma fom ɗin da aka cike ba da yardarsa ba ni ba na fatan albarkarsa.

Maman Abba: Injiniya, ga abin da ya rubuta, na kwafo yadda yake. Fanka uku 180, fitila shida 60, jimla wat 240. Sau awa biyar, 1200. Batir ɗaya 12 sau 200, 2400. Amma batir mai ruwa ba a shanye shi ƙasa da rabi in ana so ya yi ƙarko, saura 1200. Ya ce a takarda batir ɗaya ya isa cif, amma inbata tana cin nata kason, don haka shi biyu zai ce a saya, ko a rage fanka ɗaya. Ya kuma ce in tambaye ka, fankokin na silin ne ko masu aiki da batir kai tsaye, wai amsar za ta canza. Bai kai minti goma ba, a bayan kwalin sabulu ya yi.

Injiniya Bashir: Masha Allah. Hajiya, wannan ba riƙe tsani yake yi ba. Lissafin kansa mai sauƙi ne, abin da nake nema shi ne maganar rabin batir da asarar inbata, kuma ya kawo su ba a tambaye shi ba. Tambayar da ya mayar mini ma daidai ce. Na janye birkina.

Yanzu hanyoyi biyu ne a gabansa. Jami'a: shekara biyar, da wata shida na koyon aiki a masana'anta a aji huɗu, bayan an yi aiki na wasu shekaru a nemi rajistar hukumar injiniyoyi ta ƙasa, COREN. Akwai sashen a Bayero, da Ahmadu Bello, da jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil. Ko foliteknik, kamar ta Kaduna ko ta jihar Kano: ƙaramar difloma shekara biyu, shekara ɗaya a wajen aiki, babbar difloma shekara biyu. Ɗan foliteknik yakan fi saurin iya aikin hannu, amma kada in ɓoye miki, har yau akwai ma'aikatun da ke fifita digiri a kan babbar difloma wajen matsayi da ƙarin girma. Da B2 a Lissafi ni jami'a zan sa a gaba, foliteknik ta zama madogara. In ma ta foliteknik ya shiga, mai kyakkyawan sakamako a ƙaramar difloma yana iya neman shiga jami'a kai tsaye aji biyu.

Alhaji Baban Walida, yaron shagonka da ke auna atamfa, ina da tabbacin ya fito ne da takarda ba tare da hannu ba. Irinsu muna ganinsu wajen ɗaukar aiki, a ba mutum mita ya auna batir ya tsaya yana kallonka. Abba ya fara ta inda su suka rasa. Ku dubi rufin gidaje da shagunan Kano yanzu, da rijiyoyin burtsatse a gonaki, da asibitocin karkara: tsadar mai da rashin wuta sun tura kowa sola. Masu haɗawa sun yi yawa, masu lissafa kaya daidai su ne kaɗan, shi ya sa batir ɗin mutane ke mutuwa cikin shekara. Sharaɗina ɗaya, kada ya bar wajen maigidan nasa ko ya samu jami'a. Duk hutu ya koma.

Baban Walida: To, na ji. Yaron yana da kai. Amma fa har yanzu ban ji wanda ya faɗi yadda za a tunkari uban ba, kuma shi ne mai biyan kuɗin.

Malama Saude: Nan nake jira a zo. Maman Abba, 'yar uwa, kada ki je masa da cewa mutanen waya sun ce. Namiji in ya ji an kai maganar gidansa waje, ko gaskiya ce sai ya ƙi. Kada kuma ki yi maganar gaban yaran, kada ya zama kamar ke da ɗanki kun haɗa kai. Wa yake jin nauyi? In mahaifiyarsa na da rai, ko wansa, ko wani malaminsa, can za ki fara, ki kai takardun nan biyu ki nuna. Ki kuma gane abin da ke ransa. Uban da ya nace a kan likita sau da yawa tsoro ne ke cinsa, kada ɗan fari ya tashi ba madafa ga ƙanne a bayansa. Wani kuma shi ya so ya yi bai samu ba. In an zo masa da magana, a zo da amsar tsoron nan: ga karatun, ga shekarunsa, ga inda ake aiki da shi, ga mutumin da ya yi shi yana riƙe da gidansa. Shi kuma Abba a ce ya je da kansa ya durƙusa ya faɗa wa babansa da ladabi. Shirun da yake yi ba biyayya ba ce cikakkiya, tunda baban yana can yana zaton sun yi ittifaƙi. Ku duka ku yi istihara.

Maman Abba: Malama kin taɓo wajen. Shi ya so ya yi likita, mahaifinsu ya rasu yana aji biyar, ya bar makaranta ya kama kasuwa don ƙannensa. Bai taɓa faɗa wa yaran ba. Wansa yana nan, Baffan su Abba, kuma ba ya tsallake maganarsa.

Malama Saude: Allah sarki. To ki bi shi a hankali, abin ya fi ƙarfin fom. Ki kuma tuna masa Abba ba shi kaɗai ya haifa ba. Wa ya sani ko cikin ƙannen akwai mai son abin da gaske?

Sadiq: Mama, in maganar kuɗi ta taso, akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, na ɗaliban makarantun gwamnati. Suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye, babu ruwa a kai, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. Ƙanena yana ciki. Bashi ne dai, a karanta sharuɗɗan kafin a sa hannu.

Maman Abba: Salamu alaikum. Na dawo da bayani, ku yi haƙuri da shiruna kwana biyu. Na je wajen Baffa da takardun. Ya kira ƙanen nasa suka zauna su biyu, ban san abin da suka tattauna ba. Washegari baban ya tafi da kansa wajen mai solar nan, ya tsaya ya ga yaron yana haɗa allon sola na wani gida, ya yi wa maigidan tambayoyi. Da dare Abba ya je ya same shi. Baban ya ce ya amince a cike lantarki, amma da sharaɗi: jami'a ce zaɓin farko, kuma daga yau zuwa jarrabawa zuwa shago sai Asabar da Lahadi. Ba zan ce ransa ya yi fari ba, har yanzu ba ya son a tayar da zancen. Na gode muku duka, har da Alhaji Baban Walida, don maganarka ce ta sa na fahimci abin da maigidan ke ji. Damuwata yanzu, yaron ya shekara bai buɗe littafin Lissafi ba.

Baban Walida: Allah ya sa haka ne mafi alheri. Uban ya yi dattako. Ƙannen dai a fara lura da su tun yanzu, ina nan a kan cewa muna buƙatar likitoci.

Malam Garba: Sharaɗin baban daidai ne, a riƙe shi. Lissafin JAMB gudu ne, tambaya 40 ce kuma lokaci ɗaya ake ba wa darussa huɗun, don haka ya samo tambayoyin shekarun baya ya riƙa yi da agogo a gabansa, kullum, ba sai an kusa ba. Ya sauke manhajar karatu ta JAMB, wato jerin batutuwan jarrabawar, ya bi ta batu bayan batu, inda ya ga ya manta ya nemi malami a kan wannan kawai. Turancin nan 52 ma yana jan shi baya, kuma littafin da JAMB ta sa a karanta bana a karanta shi tun daga farko har ƙarshe. Ranar cike fom, ki tabbatar sunansa da ranar haihuwarsa a NIN sun yi daidai da na WAEC, layin wayar da za a yi rajista da shi ya zama nasa ne kuma kada ya ɓata, sannan ya karanta darussa huɗun da idonsa a kan allo kafin mai kwamfuta ya tura. A ga Lissafi a ciki.

Injiniya Bashir: Asabar mai zuwa muna da aikin famfon sola a wata gona a hanyar Wudil. In babansa ya yarda, su zo tare, ina so shi ma baban ya gani. Hajiya ki turo mini saƙo ta gefe in ba ku kwatance. Ya zo da takalmi mai rufi, ba silifa ba.